Tauraron teku da bushiyar teku: yadda suke ci, da dalilin da ya sa ake ceto su a wani wuri ana kashe su a wani

A watan Agustan 2025 masu bincike na Cibiyar Hakai da Jami'ar British Columbia a Kanada, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Washington a Amurka, suka sanar da cewa sun gano ƙwayar cutar da ta shafe shekara 12 tana hallaka taurarin teku a gabar yammacin Amurka ta Arewa. Bakteriya ce mai suna Vibrio pectenicida. Labarin ya zo da maganganun da suka ɗaure wa mutane kai. An ce mutuwar taurarin ce ta jawo ɓacewar dazuzzukan ciyawar teku a Kalifoniya, alhali tauraron ba ya cin ciyawa. A daidai lokacin kuma gwamnatin Ostareliya na biyan masu nutso su bi taurarin teku da allura suna kashewa. Bushiyar teku ma haka: a Kalifoniya ana fasa ta da guduma, a yankin Karibiyan ana kiwonta a tankuna don a mayar da ita ruwa. Wannan saɓani ba ya warwaruwa sai an san abin da kowace dabba ke ci, da irin bakin da take ci da shi.

Su wane ne waɗannan dabbobi

Masana na haɗa su a dangi ɗaya mai suna Echinodermata, wato masu fata mai ƙaya. Akwai nau'i wajen 7,000 da ke raye, kashi biyar: taurarin teku, taurari masu siraran hannuwa da ke saurin karyewa, bushiyoyin teku, kokwambar teku, da masu kama da fure ko gashin tsuntsu. Duk da wasu na cewa "kifin tauraro", babu kifi a cikinsu. Ba su da kai, ba su da ƙwaƙwalwa, kuma jikin yawancinsu ya rabu gida biyar kewaye da tsakiya. Dukkansu a ruwan gishiri suke, domin ba su da gaɓar da ke daidaita gishirin jikinsu, shi ya sa masuncin Tafkin Chadi ko Kainji ba zai taɓa cin karo da su a komarsa ba.

Abin da ya bambanta su da sauran dabbobi shi ne tsarin bututun ruwa da ke jikinsu. A bayan tauraro akwai wani ɗan faifai mai ƙananan huda kamar rariya. Daga nan bututu ke sauka zuwa wani zobe da ya kewaye baki, daga zoben kuma bututu ɗaya ya bi kowane hannu. Ɗaruruwan ƙananan ƙafafu ke rataye a jikin bututun, kowace da 'yar jaka a samanta. Idan jakar ta matse, ruwa ya shiga ƙafar ta miƙe. Ƙafar na manne wa abu da wani ɗanko da take fitarwa, ta kuma saki da wani sinadarin daban. Da waɗannan ƙafafu ake tafiya, da su ake shaƙar iska daga ruwa, da su ake sansano abinci, da su ake kama shi.

Tumbin da ke fitowa waje

Bakin tauraron teku a ƙasan jikinsa yake, a tsakiya, ba haƙori ko ɗaya. Daga baki sai ɗan gajeren maƙoshi, sai tumbi na farko mai laushi da yawan naɗi, sai tumbi na biyu ƙarami a samansa. Daga tumbi na biyu rassa ke fita, biyu-biyu cikin kowane hannu, su cika kusan tsawonsa. Tauraro mai hannu biyar ke nan yana da irin waɗannan rassa goma. Sama da tumbin akwai ɗan guntun hanji da dubura a bayan dabbar.

Abincin da yawancin taurarin bakin gaɓa suka fi so shi ne kawa da danginta masu ɓawo biyu. Kawa na rufe ɓawonta da tsoka mai ƙarfi, har mutum ba ya iya buɗewa da hannu sai da wuƙa. Tauraro yakan hau kanta ya yi doro, ya juya ta har bakin ɓawon ya fuskanci bakinsa, ya manna ƙafafu a ɓangarorin biyu ya fara ja. Ba fizga yake yi ba, ja ne a hankali wanda ba ya yankewa, wasu ƙafafun na hutawa wasu na aiki. Ba ya ma bukatar ɓawon ya buɗe sosai. Tsaga mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita ta ishe shi, kuma wasu nau'in kawa dama suna da ɗan gurbi inda zaren da suke maƙalewa da dutse ke fita.

Daga nan tsokokin jiki su matse, ruwan cikin jiki ya turo tumbi na farko ta baki, ya juye kamar aljihun riga da aka zaro. Tumbin ya silale ta tsagar ya lulluɓe naman kawar a cikin gidanta. Ruwan narkar da abinci na gangarowa daga rassan nan na cikin hannuwa, ya fara narkar da tsokar da ke riƙe da ɓawon. Da ta saki, ɓawon ya buɗe gaba ɗaya. Naman ya zama kamar kunu, ƙananan gasu masu kaɗawa da ke jikin tumbin su tura shi ciki ta wasu kwararo. Aikin kan ɗauki awanni, gwargwadon girman kawar da sanyin ruwa. Idan an gama, wasu igiyoyi biyu-biyu da ke ɗaure da ƙashin kowane hannu su jawo tumbin ciki, a bar ɓawo fes.

Ainihin narkewa da tsotsar abinci a rassan cikin hannuwa ake yi. Su ke haɗa sinadaran narkarwa, su ke tsotsa, su ke adana kitse da sikari, wato aikin hanta da na hanji a wuri guda. A tauraron Pisaster na gabar Amurka rassan kan kumbura a lokacin yalwar abinci, su motse idan jakunkunan ƙwai suka fara girma, domin daga rumbun ake ɗiba. Tun da ƙashi da ɓawo ba sa shiga ciki, kashin da ke fita kaɗan ne, shi ya sa hanjin bai kai a kira shi hanji ba.

Yadda dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwa ke sarrafa wannan aiki ya fara bayyana daga binciken Jami'ar Queen Mary ta Landan a kan tauraron Turai, Asterias rubens. A 2013 suka gano sinadarin jijiya da ke sa tumbin ya koma ciki. A 2019 suka nuna cewa wani sinadarin, ɗan'uwan wanda ke sa naƙuda da zubar nono a jikin mace, shi ke sa tumbin ya fito: idan aka yi wa tauraro allurarsa sai ya yi doro ya turo tumbi ko babu abinci a ƙarƙashinsa.

Ba duka ke ci ta wannan hanya ba. Taurarin cikin yashi irin su Astropecten da Luidia haɗiye abinci suke yi ɗungurungum, su narkar a ciki, su tofar da ɓawo ta baki, domin ba su da dubura. Wanda labarin Kalifoniya ya rataya a kansa, Pycnopodia helianthoides, yana iya yin duka biyun. Shi ne ɗaya daga cikin mafi girma a duniya: faɗinsa kan kai mita ɗaya, hannuwansa har 24, ƙafafunsa wajen 15,000, yana tafiyar kusan mita ɗaya a minti. Ƙasusuwan jikinsa ba su haɗe sosai ba, don haka bakinsa na buɗewa ya haɗiye bushiyar teku da ƙayoyinta, daga baya ya fitar da ƙoƙon.

Haƙora biyar na bushiya

Bushiyar teku ƙwallo ce ta ƙashi lulluɓe da ƙaya, baki a ƙasa, dubura a sama. A cikin bakin akwai na'urar tauna da ake kira fitilar Aristotle, saboda masanin Girka ɗin ya siffanta dabbar sama da shekara 2,300 da suka wuce. Muƙamuƙai biyar ne masu siffar dala, kowane na riƙe da dogon haƙori ɗaya, tsinin haƙoran na haɗuwa a tsakiya. Guntayen ƙashi wajen 40 ne da tsokoki wajen 60 ke motsa ta. Tana buɗewa da rufewa, tana leƙowa waje ta koma, tana karkata gefe.

Haƙoran ba sa daina girma. Suna tsirowa daga sama a cikin jiki suna da laushi, su taurare yayin da suke gangarowa, tsinin na cinyewa a kan dutse. Tsarin ginin haƙorin ya sa yake ɓantarewa a wurare ƙayyadaddu, kowace ɓantara ta bar sabon kaifi. Da irin wannan baki bushiya ke kankare gansakuka daga dutse, ta yanke kaurin ciyawar teku, wasu nau'in har rami suke ƙwaƙulewa a dutse su zauna ciki.

Abin da aka gutsura ana cure shi da majina ya zama 'yan ƙwallaye tun a maƙoshi. Hanjin dogo ne: yana zagaye cikin ƙoƙon sau ɗaya, ya juya ya sake zagayewa ta ɗaya gefen, sannan ya hau zuwa dubura. A zagaye na farko ake zuba sinadaran narkarwa, a na biyu aka fi tsotsa. Gefen zagaye na farko akwai wani siririn bututu da ke ɗauke ruwan da aka haɗiya tare da abinci ya kai shi gaba, don kada ya tsinka ruwan narkarwa. Ciyawar teku na da wuyar narkewa, kuma bakteriyar da ke zaune a hanjin na taimakawa. Duk da haka kaso mai yawa na fita ba a narke ba, ya zama abincin ƙananan halittun ƙasan teku.

Rumbun bushiya jakunkunan ƙwanta ne guda biyar, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Su ne abin da Japanawa ke kira uni suke saye da tsada, kuma su kaɗai ake ci a jikinta. Wannan na da muhimmanci ga abin da ke tafe, domin bushiya na da juriyar yunwa da ba kasafai ake samun irinta ba. Idan abinci ya ƙare takan rage aikin jikinta, ta cinye rumbun, ta rayu shekaru a kan 'yar gansakukar da take kankara. A wasu nau'in an auna cewa ƙoƙon na raguwa, na'urar taunar kuma ta fi girma idan aka kwatanta da jiki. Dabba ce da yunwa ba ta kashewa da wuri, sai dai ta mayar da ita fanko mai baki.

Masu cin yashi da masu tace ruwa

Kokwambar teku doguwa ce mai laushi, kwance a gefenta, baki a gaba dubura a baya. Kewaye da bakin akwai ƙafafun da suka rikiɗe suka zama yatsu masu rassa, daga 10 zuwa 30 gwargwadon nau'i. Tana dangwalar yashi da su, ta cusa su baki ɗaya bayan ɗaya kamar mai suɗe yatsu bayan tuwo. Abin da take nema shi ne bakteriya, ƙananan tsirrai da ruɓaɓɓen abu da ke manne da yashin. Yashin ya bi dogon hanji mai lanƙwasa ya fita a tsabtace. Ta dubura kuma take shaƙar iska, tana zuƙo ruwa cikin wasu rassa biyu tana fesarwa. Wasu nau'in idan aka takura musu sukan zubar da hanjin gaba ɗaya, su tsiro sabo cikin makonni.

Taurari masu siraran hannuwa na da muƙamuƙai biyar da tumbi kamar jaka, ba hanji ba dubura, kuma tumbin ba ya fitowa waje. Wasu na tsintar abin da ya faɗo ƙasa, wasu na ɗaga hannuwa cikin igiyar ruwa su kama abin da ke wucewa. Masu kama da fure su ne kaɗai bakinsu ke kallon sama. Suna baza hannuwa kamar faifai, ƙafafun na cafke ƙananan halittu su jefa cikin kwararon da ke kai wa baki, hanjin ya lanƙwaso duburar ta fito kusa da bakin.

Abin da ya faru a Kalifoniya

Tun kafin annobar an san nauyin bakin tauraro. Daga 1963 masani Robert Paine ya riƙa cire taurarin Pisaster daga wani yankin duwatsu a Makah Bay ta jihar Washington yana jefarwa cikin teku. Kawar da suke ci ta mamaye dutsen, nau'in halittun wurin ya sauko daga 15 zuwa 8. Daga wannan aiki ne a 1969 ya fito da ra'ayin cewa akwai dabbar da ke zama ginshiƙin muhallinta ko da ba ta da yawa.

Cutar ta ɓarke a 2013, ta bazu daga Alaska zuwa Meziko, ta taɓa nau'i sama da 20. Fararen gyambuna ke fitowa, hannuwa su murɗe su ɓalle, dabbar ta narke cikin kwanaki. Pycnopodia ta fi yi wa illa: an ƙiyasta sama da biliyan 5 sun mutu, wajen kashi 90 cikin ɗari, kuma a Disamban 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Daga 2014 zuwa 2016 kuma ruwan yankin ya yi zafin da ba a saba gani ba, abin da ya raunana ciyawar kelf, doguwar ciyawar teku da ke tashi daga dutse zuwa saman ruwa ta yi daji.

Inda mafarauta ke nan, bushiya mai ruwan shunayya ɓuya take yi cikin tsagar dutse tana jiran ganyen kelf da ya karye ya faɗo mata. Warin tauraro kaɗai na sa ta gudu. Da tauraron ya ɓace, ganyen da ke faɗowa ya ragu saboda zafi, sai ta fito fili. Bushiyar da ta fito ba ganye take bi ba, gindin ciyawar take ci, ta yanke shi, ciyawa mai tsawon mita da yawa ta tafi da ruwa. Kelf ɗin arewacin Kalifoniya shekara ɗaya yake yi ya mutu, sai sabon tsiro ya maye gurbinsa, tsiron kuma ba ya kai ko'ina bushiya ta kankare shi. A gabar Sonoma da Mendocino sama da kashi 90 cikin ɗari na kelf ya ɓace, yawan bushiyar ya ninka har sau 60. Makiyayar da awaki suka cinye takan farfaɗo idan yunwa ta rage garken ko an kora shi gaba. Wannan garken ba ya mutuwa, ba ya kuma tashi.

Masana ba su haɗu a kan wane dalili ya fi nauyi ba. Masu ɗora laifin a kan zafi na nuni da cewa kelf ya sha wahala har a inda tauraron bai da yawa tun asali. Masu ɗora shi a kan rashin mafarauta na cewa zafin ya wuce tun 2016 amma dajin bai dawo ba, kuma abin da ya hana shi dawowa baki ne. Akwai kuma masu komawa baya zuwa karen ruwan teku, wanda ke cin abin da ya kai rubu'in nauyinsa kullum, aka kuma ƙarar da shi a arewacin Kalifoniya tun ƙarni na 19 saboda fatarsa. A ganinsu tauraron shi kaɗai ya rage yana gadi, shi ya sa faɗuwarsa ta yi muni haka. Binciken James Estes a tsibiran Aleutian na Alaska a 1974 na goyon bayansu: tsibirin da ke da karen ruwa na da kelf, wanda ba shi da shi sai bushiya. Sai dai a Monterey, a tsakiyar gabar Kalifoniya, an lura karen ruwan na ƙyale bushiyoyin da yunwa ta mayar fanko, ya bi masu ƙiba a cikin sauran dajin. Pycnopodia kuwa a gwajin tanki bai bambanta ba, yana cin kusan bushiya biyu a kwana uku, mai ƙiba ko fanko. Hujjojin sun fi karkata ga cewa zafi ne ya buɗe ƙofa, rashin mafarauta ya hana a rufe ta.

Kan ita cutar ma an yi ta sauya magana. A 2014 an zargi wata ƙwayar bairos, daga baya aka same ta a jikin lafiyayyun taurari. Wasu suka ce ƙarancin iska ne a fatar dabbar sakamakon yawaitar ƙwayoyin da ke kanta. Aikin 2025 ya duba ruwan cikin jiki maimakon fata, ya nuna cewa ruwan marar lafiya na sa wa lafiyayye cutar amma idan an dafa shi ba ya sawa, sannan aka raini bakteriyar ita kaɗai aka yi allurarta cutar ta bayyana. Dangin Vibrio an san suna bunƙasa a ruwa mai ɗumi, don haka wannan sakamako bai kore hannun zafi ba.

Inda bushiya ce mai gadi

A kan tudun murjani na ƙasashe masu zafi, wanda ƙananan dabbobin teku ke ginawa da ƙashinsu, lissafin juyewa yake yi. Can ciyawa ce abokiyar gaba, domin tana saurin girma ta rufe dutsen da jaririn murjani ke bukata ya zauna. Baƙar bushiya mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, ita ke fitowa da dare tana kankare ta. A farkon 1983 wata cuta ta fara kashe ta kusa da Panama, cikin shekara guda da 'yan watanni ta kashe sama da kashi 90 cikin ɗari a faɗin Karibiyan. A Jamaika, inda dama an kame kifayen da ke cin ciyawa kuma guguwar Allen ta farfasa murjanin a 1980, murjani mai rai ya sauko daga sama da kashi 50 cikin ɗari na fili zuwa ƙasa da kashi 5 a farkon shekarun 1990, ciyawa ta tashi daga kashi 4 zuwa 92.

Annobar ta dawo a 2022, ta faro daga tsibiran Virgin na Amurka, kuma a 2023 aka gano cewa wata ƙwayar halitta ce mai ɗaki ɗaya da ke iyo da gasu. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 irin wannan mutuwa ta afka wa 'yar'uwarta Diadema setosum a mashigin Aƙaba na Bahar Maliya, ta gangara kudu, har aka gan ta a tsibirin Reunion na Tekun Indiya.

Tauraro mai kambin ƙaya

Wanda ake kashewa a Ostareliya shi ne Acanthaster, mai hannuwa har 21 da ƙayoyi masu dafi. Da tumbin nan mai fitowa waje yake aiki, sai dai shi murjani yake ci. Murjani ƙananan dabbobi ne masu laushi zaune a kan ƙashin da suka gina. Tauraron ya shimfiɗa tumbinsa a kai, ya narkar da naman cikin awanni, ya matsa gaba ya bar farin ƙashi. Babba ɗaya kan ci har murabba'in mita 10 a shekara, kuma ya fi son murjani mai rassa da ke saurin girma. Idan suna da ƙaranci hakan na ba sauran nau'in murjani sarari. Idan suka yi dubbai a tudu ɗaya sai su share shi.

An fara ganin ɓarkewarsu a babban tudun murjanin Ostareliya a 1962 a Green Island, aka sake gani a wajajen 1979, 1993 da 2010. Cibiyar nazarin teku ta ƙasar ta ba da rahoto a 2012 cewa tudun ya rasa rabin murjaninsa tun daga 1985, ta danganta kashi 48 cikin ɗari na asarar ga guguwa, kashi 42 ga tauraron, kashi 10 ga farin da zafi ke sa murjani.

Dalilin ɓarkewar ma a abinci ake neman sa. Mace ɗaya na zuba ƙwai miliyoyi masu yawa a kaka guda, 'ya'yan kuma na yawo a ruwa suna cin ƙananan tsirrai. Ɓangare ɗaya na cewa takin gonakin rake da ambaliya ke kwasowa daga kogunan jihar Queensland ke yawaita waɗannan tsirrai, 'ya'yan da yunwa za ta kashe su rayu. Ɗaya ɓangaren na cewa an rage masu cin tauraron ne, wato babban dodon koɗin nan mai suna Charonia da wasu kifaye, kuma hujjarsu ita ce tudun da aka hana kamun kifi ba ya yawan samun ɓarkewa. Wani binciken ya ƙara dagula lissafin: ƙaramin tauraro na fara rayuwa da cin wata gansakuka mai tauri kafin ya koma murjani, kuma yana iya zama a haka sama da shekara shida yana jira. Ke nan ɓarkewar bana na iya kasancewa ta ƙwan shekarun baya. Manoman rake na da dalilin son bayani na biyu, masunta na da dalilin son na farko, kuma babu ɗaya da ya kore ɗayan.

Maganin da ake yi na hannu ne. Mai nutso ya soka wa kowane tauraro allura ɗaya, ko dai ta gishirin da ake tacewa daga maɗaciyar shanu, ko mililita 20 na ruwan khal irin na girki, ya mutu cikin kwana biyu. Hanyar da aka bari tana bukatar suka da yawa a jikin tauraro ɗaya. Ko da sabuwar hanyar, tudun ya fi kilomita 2,000 tsawo, don haka ana zaɓar wuraren yawon buɗe ido da waɗanda ke yaɗa ƙwai ne kawai.

Abin da ya shafi masu neman abinci a teku

A arewacin Kalifoniya masu nutso don jar bushiya, wadda ake sayarwa saboda uni, su suka fara ji a jika. Jar bushiyar na nan, amma idan an fasa ta ba komai ciki, domin mai ruwan shunayya ta cinye kelf ɗin. Babban dodon koɗin teku da ake kira abalon ya mutu da yunwa, hukuma ta rufe kamunsa a 2018 ta kuma yi ta tsawaita rufewar, masaukai da shagunan garuruwan gaɓa suka rasa baƙin da ke zuwa dominsa.

Fasa bushiya da guduma ko kwashe ta na dawo da kelf a ƙaramin fili, muddin an rage ta sosai kuma ana komawa, in ba haka ba na gefe su shigo. A Nowe an gwada watsa ƙonanniyar farar ƙasa, wadda ke ƙona fatar bushiya, amma tana taɓa sauran danginta da ke wurin. Wata dabarar ita ce a kwaso fankon bushiya a ciyar da ita a tanki na wasu makonni har rumbun ya cika a sayar. A lardin Kanagawa na Japan da ragowar kabeji ake yin wannan kiwo. Ribar ta dogara da farashin uni da kuɗin nutso, kuma adadin da kasuwa za ta ɗauka bai kusa da adadin da ke ƙasan teku ba. Kiwon Pycnopodia kuwa an fara shi a 2019 a ɗakin gwajin Friday Harbor na Jami'ar Washington, kuma sanin ƙwayar cutar na nufin za a iya gwada tauraro da ruwan da za a sake shi kafin a saka.

Kokwambar teku matsalarta kasuwa ce. Ana dafa ta a busar a kai Sin da Hong Kong, kuma tun da ba ta gudu, mai nutso tsinta kawai yake yi. A gabar Masar ta Bahar Maliya kamunta ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, cikin 'yan shekaru ta ƙare har aka hana. Dabbobin na zuba ƙwai da maniyyi ne cikin ruwa, don haka idan suka yi nisa da juna ƙwan ba ya haɗuwa, hanin kamu kuma ba ya saurin dawo da su. Wani gwaji a tsibirin Moorea na Tekun Pasifik da aka wallafa a 2024 ya nuna murjani ya fi kamuwa da cuta a inda aka kwashe kokwambar daga yashin da ke gindinsa. A 2019 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta saka nau'i uku mafiya tsada cikin jerin da ba a fitarwa sai da izini, aka ƙara wasu a 2022. Ga masuncin gabar Afirka ta Gabas ko tsibiran Pasifik, hakan na nufin dillalinsa ba zai iya fitar da kayan ba sai gwamnatin ƙasarsa ta ba da shaidar cewa kamun ba ya cutar da abin da ya rage a ruwa.